Yatsu Uku na Mai Yanka

Shekara talatin da ɗaya Mai Yanka ya yi a mayanka, ba a taɓa jin ya ɗora wuƙa a wuyan dabba bai ambaci sunan Allah ba. Gajere ne, ga faɗan tsiya, ga taurin kai. Abokin musunsa kuwa Likita ne, mai duba nama, wanda ya yi karatu mai zurfi ya dawo yana cewa shi bai ga alamar Mahalicci ba.

Kullum sai sun kwasa. Likita zai tsaga zuciyar bijimi ya ce, "Baba, ina ran yake? Tsoka ce da jini."

"To haɗa mini guda mana, tunda tsoka ce," in ji Mai Yanka. "Kai da ko ƙuda ba ka iya ƙerawa!"

Wata safiya Likita ya buɗe huhun wata saniya, ya tarar tarin fuka ya cinye shi. Ya ce a ƙone naman duka. Mai saniyar, wani ƙaton mahauci, ya yi tsalle ya dire.

"Wanda bai yarda da Allah ba ne zai haramta mana abin da aka yanka da bismillah?"

Nan take mahauta suka yi ca. Wani ya maka wa Likita ƙashin cinya a ƙeya, ya kife cikin kwatar jini. Aka shiga tattaka shi, baki ya fashe, haƙora suka zube. Mai saniya ya zaro barho.

Mai Yanka ya kutso yana bangaje mutane, ya tsaya a kan Likita.

"Ni na yanka ta! Bismillah halatta ta ta yi, ba warkar da ita ba, jahilan banza! 'Ya'yan wa za ku ciyar da wannan cuta?"

Barhon ya riga ya taho. Mai Yanka ya tare da hannun dama, yatsunsa uku suka faɗi a siminti. Daga ranar bai sake riƙe wuƙa ba.

A asibiti Likita ya lallaɓo bakin gadonsa, kai a naɗe, yana kuka wiwi.

"Baba, ka fa san ra'ayina. Me ya sa?"

"Shi ya sa, ɗan banza," in ji Mai Yanka. "Tsoro na ji. Da ka mutu jiya, da me za ka je gabanSa?"