Sandar da Ummaru Ya Karɓa a Hannuna

Shekara ashirin ke nan da rasuwar ƙanena Ummaru, kuma har yau in na bi ta Gesse, inda gidaje suka cinye filinmu na ƙwallon gora, wato hoki, sai in tuna da shi.

A shekarar samun 'yancin kai aka naɗa shi manajan ƙungiyar ma'aikata ta Birnin Kebbi. Ba wanda ya yi masa murna, don kowa ya san mu da shan kashi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya masa: in Argungu ta sake lallasa mu, a rushe ƙungiyar, filin kuma a yi wani abu da shi.

Ciwonmu a fili yake, faɗarsa ce ba mai iyawa. Sanduna goma sha ɗaya muke da su, kuma bisa girma ake raba su. Babban akawu ya ɗauka, mai bi masa ya ɗauka, har su ƙare. Samari masu gudu sai kallo, mu masu tumbi muna haki a fili. Ni ne babban akawun, ni ne kuma kyaftin, shekara bakwai sandar farko tawa ce.

Akwai Bulus, birkila daga Filato da ke zaune a unguwar Nasarawa. In ya ari sanda bayan mun tashi, ƙwallo kamar an ɗaure ta a jikinta. Ummaru ya daɗe yana kallonsa, ni kuma ina kallon Ummaru.

Ranar wasa a Argungu, mutane sun kewaye fili, alƙalin wasa yana duba agogo. Sai ga Ummaru ya nufo ni. Ya durƙusa yadda ƙane ke yi wa wa, ya miƙo hannu biyu.

"Yaya, ba ni sandag ga. Bulus za shi shiga."

"Mi kac ce? Ranad da anka yi maka kaciya ni ar riƙe ka."

"Na sani, Yaya. Ba ni."

Hannun bai sauka ba. Na jefar da sandar ƙasa, ya ɗauka ya kaɗe ƙurar.

Ba mu taɓa wasa irin na ranar ba, amma ɗaya da nema aka ci mu, kuma aka rushe ƙungiyar. Gari ya ɗauka cewa yaro ya tozarta wansa a bainar jama'a, ga abin da ya jawo. Mahaifinmu ya yi wata uku bai amsa gaisuwarsa ba. Na ji daɗin hakan, Allah Ya yafe mini.

Da Ummaru zai ga yau, yara na bin ƙungiyoyin Turai a waya, ba su san an taɓa yin hoki a garin nan ba, ina jin dariya zai yi. Amma da ya ga inda ake ba mutum gurbi don furfurarsa, na san zai sake durƙusawa ya miƙa hannu.

Ga abin da ban taɓa faɗa ba. Tun kafin wasan gwiwata ta dama ta lalace, ko gudun taku goma ba na iyawa. Ummaru ne ke gasa mini ita da ruwan zafi a zaure. Da kalma ɗaya zai wanke kansa a wurin Baba da gari, amma ya shiga kabari da ita. Ni da ya rufa wa asiri na yi shiru ina kallo ana zaginsa.

Ummaru, kai ne da gaskiya. Allah Ya jiƙanka, Ya rufa maka asiri yadda ka rufa mini.