Ranar da 'Yan Silima Suka Ari Ɗakina

"Wallahi ƙusa ko ɗaya ba za ta shiga bangon nan ba!"

Haka na tare ƙofa, da ɗana Sani goye a baya. Jiya jikata ke nuna mini yadda ake shirya fim a waya, sai ranar ta faɗo mini.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba 'yan silima suka zo Gazawa daga Yamai. Surukina ya ara musu ɗakina su ɗauki wasan amarya. Maigidana yana Katsina fatauci, kuma da hannunsa ya yi wa bangon sabon yaɓe. In ya tarar da ramuka, in ce masa me?

Babbansu na riƙe da guduma yana dariya. "Baiwar Allah, ɗakin amarya ba jere?"

Inna, uwar mijina, ta ce, "Yaro, aje gudumarka. A kawo kara!"

Kai, ku zo ku ga gudu! Matan unguwa kowa ta kwaso faifanta da tasoshinta. Muka ɗaure karan gero da kaba, muka jingina a bango, muka rataye faya-fayai da ragayar tasoshi a jikin karan. Ɗaki ya ɗau ƙyalli, guɗa ta ɓarke. 'Yan silima suka ce mu yi shiru ana ɗauka. Ina!

Da suka tafi na bi bangon da tafin hannu. Ko ƙwarzane babu. Maigida ya dawo, haushinsa ɗaya: an yi silima a gidansa ba ya nan.

Har yau ban ga fim ɗin ba. 'Yan Gazawa, akwai wanda ya taɓa gani? In kun ga jeren, tasar can ta sama tawa ce!