Kaskon Gawayi a Ɗakin Malam Isuhu

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da muka kusa kashe baƙo da hannunmu ba, muna ganin alheri muka yi masa. Ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu, ku saurara.

A lokacin ina shara a wani ƙaramin asibiti a Gumel. Likita ne a sama, sai Sista Rabi mai kula da ɗakunan kwanciya, sai Yaya Dije shugabar masu shara, sai mu. Mu ke gyara gado, mu ke miƙa ruwa da abinci.

Wata damina, ranar kasuwar Maigatari, aka kawo wani dattijo mutumin Damagaram, Malam Isuhu, tari ya hana shi miƙewa. Direban da ya kawo shi ya ce a arewacin Nijar ya yi aiki, inda ake haƙo yuraniyom, dutsen da ake yin lantarkin nukiliya da shi. Kan ka ce kwabo magana ta zaga asibiti, wai jikinsa na ɗauke da gubar dutsen.

"Gubar nan ba a ganinta, ba a jin warinta," in ji Yaya Dije. "Ni da jikoki a gida, ba da ni ba."

Sista ta ba shi ɗakin gefe saboda tarin. Mu kuwa daga bakin ƙofa muke tura masa kwano, daga nan muke gaishe shi.

Washegari aka tashi da ruwa da sanyi, muka hango shi yana makyarkyata. Tausayi ya kama mu. Yaya Dije ta ce a hura masa gawayi a kasko, yadda ake yi wa maijego. Aka tura kaskon ciki, aka ja taga, aka rufe ƙofa, har da cusa tsumma a ƙarƙashinta don kada gubarsa ta fito mana. Babu wadda ta ce a'a.

Allah Ya kawo Sista da allura. Ta kira shi, shiru. Ta faɗa ɗakin, ta banke taga, ta yi jifa da kaskon cikin ruwan sama, ta jawo shi baranda ita kaɗai, jikinsa ya saki kamar jiƙaƙƙen zane.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

Muka sunkuyar da kai. Likita ya ce gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da wata iska mai sa barcin da ba a tashi. Ba a ganinta, ba a jin warinta. Na dubi Yaya Dije, ta dubi ƙasa.

Da ya farfaɗo na kai masa kunu, na tsaya a ƙofa yadda na saba.

"Baiwar Allah, shigo mana, ba na cizo," in ji shi.

Na shiga. Ya ce kafin yuraniyom, a ramin kwal ya yi ƙuruciyarsa, shi ma lantarki ake yi da shi.

"Ban ce dutsen can ba ya cuta ba. Amma shi kowa tsoronsa yake ji, ana kashe masa dukiya, ana rataya mana abin awon gubarsa a ƙirji. Kwal kuwa arha ne, ɗan'uwan gawayin gidanku, wa zai ji tsoronsa? Lokotoro, likitanmu na can, ya duba ƙirjina, ya ce ƙurar kwal ce ta cinye shi."

Sai ya karɓi kunun da hannu biyu. "Ki yi wa 'yan'uwanki godiya. Tun da na kwanta, wutar nan ce alherin farko da aka yi mini."

Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan: abin da muke tsoro muna sa masa ido, wanda muka saba da shi kuwa da hannunmu muke kai shi gadon majinyaci. In kun ji tsoron cutar mutum, ku tambayi Sista. Kada ku rufe masa ƙofa.