Ni Na Ƙone Dankalin Kawu Tanko

Ni ne da laifi. Gara in faɗa tun da wuri, kafin dariya ta ɗauke mu, don na san halinku: da an ambaci Kawu Tanko sai kowa ya fara riƙe ciki. Abin da ya faru da dankalinsa a bakin rafin Garki, wanda kuka daɗe kuna cewa aikin hukuma ne, aikina ne, ni Sale ɗan ƙanwarsa. Zan zo kansa. Amma bari in fara da mutumin.

Kun tuna aljihunsa na dama? Kullum a jiƙe. Ko rigar sallah ce, sai ka ga gefe ɗaya ya yi duhu kamar an watsa masa ruwa. Tsumma ne jiƙaƙƙe a ciki, naɗe da yaɗon dankali kamar guda huɗu ko biyar. Duk inda ya ga ƙasa mai laushi sai ya waiga hagu da dama, ya soka dunduniya, ya cusa yaɗo, ya take, ya wuce kamar bai yi komai ba. Ya dasa a bayan masallaci, ya dasa a gidan suna. Ranar da muka je asibiti duba matarsa Inna Ladi, wata nas ta kama shi tsugune a gindin tagar ɗakin mata.

Ta ce, "Haba Baba! Nan fa asibiti ne."

Ya ce, "To, marasa lafiyan naku ba su cin abinci?"

Ga yaran yanzu da suka san dankali a faranti kawai: shi dankalin Hausa ba ƙwaya ake shukawa ba, yaɗonsa ake yanka a dasa. Idan rani ya shigo, dole a sami wuri mai laima a ajiye yaɗon da ransa har damina ta dawo. In ya bushe, iri ya tafi. Shi kuwa Kawu irinsa ɗaya ne tak, wanda yake kira Jan Kaka, don daga hannun kakarsa ya fito. Bayansa ja, cikinsa kamar gwaiduwar ƙwai, ga gari. Aibinsa ɗaya, jinkiri. Maƙwabta duk sun koma farin dankali mai saurin nuna, suka bar Kawu da nasa. Shi ko a jikinsa. Yakan ce farin nan ruwa ne aka yi wa riga.

Da labari ya zo cewa za a ɗauko gwamnati daga Legas a kawo ta nan, Kawu yana kaftu a gona. Ya miƙe, ya dafa ƙugu, da Hausarsa ta mutumin Gwari wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, "Za a ɗauko shi? A wace mota? Allah ya sa dai ya taho da abincinsa."

Ba a jima ba masu awo suka iso. Suka bi gonarsa suna kafa turaku masu jan fenti. Kawu ya bar su suka gama, har ruwa ya ba su suka sha. Washegari ya tuge turakun kaf, ya ɗaure da igiya, ya ɗora a ka, ya taka har zangon da suka yi ofis. Ya sauke a gaban babbansu.

"Ranka ya daɗe, yaranka sun manta itacensu a gonata. Ni ba na cin kayan mutane."

Mutumin ya yi ta bayani cewa doka ce, ƙasar duka ta koma hannun gwamnati, za a ba su wani wuri. Kawu ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi tambayar nan da kuka sani, wadda ya yi ta maimaitawa har tsufansa: "Shi mai dokar nan, ya taɓa haƙa dankali?"

Sau uku ana kafa turaku, sau uku yana mai da su. A na huɗu aka kafa na siminti. Ya zagaya ɗaya, ya girgiza shi, ya ce, "Wannan karon sun yi hankali." Ya ɗaure akuya a jiki.

Dokokin lokacin nan fa, jama'a, fitowa suke kamar ciyawar farkon damina. Mai kaskon suya, mai teburin goro, mai faci, mai shayi, kowa da safe sai ya tambayi maƙwabcinsa ko yau an canza wani abu. Yau a ce ku koma kasuwa, gobe a ce kasuwar ba ta cikin taswira, ku tashi. Jibi a ce sai da kati mai hoto. Inna Ladi tana suyar dankali ga leburori a bakin sabuwar hanya, Kawu kuma yana kasa ɗanye a gefenta. Da aka zo ɗaukar hoton katin, Kawu ya zauna riƙe da wani ƙaton Jan Kaka a ƙirji. Mai hoto ya ce fuska kawai ake so.

Kawu ya ce, "Fuskata ake saya?"

Sai da aka kira ni na lallashe shi. Duk da haka, wanda ya ga katin nan zai ga wani abu ja yana leƙowa ta ƙasan haɓarsa.

Sannan aka ce kada kowa ya kasa kaya kusa da kwalta, sai an ja baya taku ashirin. Abin mamaki, Kawu bai yi gardama ba. Ya auna taku ashirin, ya yanka igiya daidai tsawon, ya riƙa yawo da ita. Duk ma'aikacin da ya zo sai ya miƙa masa bakin igiyar ya ce ya auna da kansa. Ana nan aka faɗaɗa hanya. Ya ja baya. Aka sake faɗaɗawa aka yi mata hannu biyu. Ya ja baya, har murhun Inna Ladi ya shiga cikin ƙaya. Da aka zo ana haƙa magudanar ruwa, ma'aikata suka ɗauke kaskon Inna Ladi da man suya a ciki, suka ce ta karya doka. Kawu ya bi motarsu a ƙafa har ofis.

Ya ce, "Ku gaya mini gaskiya, wa ya matsa? Ni ina gudun hanya, hanya yana bina. Kun kama kasko, kasko yana da ƙafa? Ku je ku kama hanya!"

Ya zauna a bakin ƙofa tun hantsi har la'asar, duk wanda zai shiga sai ya ba shi labarin daga farko. Ƙarshe suka miƙo masa kaskon don su huta. Ya leƙa ciki ya ce, "Man fa?"

To, ga inda na shigo. Ni karatuna bai wuce firamare ba, kuma ba na son noma, wannan kowa ya sani. Na sami aikin lebura a cikin masu dasa furanni a sabon birni, aikin kullum-kullum, ranar da aka ga dama a ce kada ka zo. Burina duka takardar aiki na dindindin. Shugabanmu wani mutum ne da aka turo daga Legas, ba mugu ba ne, amma yana tsoron manyansa kamar mutuwa. Oga kawai muke ce masa.

Shekarar nan ce katafila ta shiga gonar Kawu, aka ba shi fili a wajen Karshi. Filin tudu ne, ba rafi ba fadama, kuma rani ya riga ya shiga, ba halin dashe sai ruwa ya sauka. Ɗan abin da ya adana na dankali ƙwaro ya cinye, sauran an ci. Jan Kaka duka duniya ya rage a wuri ɗaya: wasu 'yan kunyoyi a bakin rafi, ƙarƙashin sabuwar gada, bayan gidajen ma'aikata a Garki. An kuma riga an yi doka cewa ba noma a cikin birni. Mu uku muka san wurin: shi, Inna Ladi, da ni.

Da Kawu ya tsaya nan da an zauna lafiya. Amma aljihun nan! Tun kafin rani ya yi tsanani ya bi ta wani shataletale da muka gyara, ya ga baƙar ƙasa da taki, zuciyarsa ta kasa haƙuri. Bayan 'yan makonni ganye ya rufe wurin shar. Oga ya tsaya ya yi ta yabo, yana zaton cikin furannin da aka yi odarsu ne. Ya sa tankar ruwa ta riƙa zuwa safe da yamma. Ni na riƙe mesa ina ban ruwa, na san ko mene ne, na yi gum. Kawu yakan wuce a kan kekensa ya ɗaga mini hannu: "Sannu da aiki, Sale! A ƙara ta gefen gabas!"

Asiri ya tonu ranar da manya suka zo zagaye. Ɗaya daga cikinsu, da alama ɗan manomi ne, ya sunkuya ya ja ganye ɗaya, sai ga dankali ya biyo shi. Aka yi dariya, Oga bai yi ba. Da suka tafi ya tara mu ya ce wanda ya faɗi mai wannan aiki, sunansa ne farko a takardar dindindin.

Ba wanda ya doke ni, ba wanda ya tsare ni. Da ƙafata na bi shi bayan mota. Kuma da na ce wani tsoho ne mai taɓin hankali, da ya wadatar, don Oga so yake kawai ya sami abin gaya wa manya. Amma ina so ya ga ƙoƙarina. Na ce, "Oga, na san ma inda uwar yaɗon take."

Washegari da safe muka sauka ƙarƙashin gada mu shida. Muka sare, muka tone har saiwa, muka tara, aka zuba kananzir. Na shataletale ma an kwaso an haɗa. Hayaƙi na tashi sai ga Kawu da bokitin ban ruwa. Ya tsaya a saman gangare. Na jira ihu, na jira tambayarsa ta kullum. Bai yi ba. Ya dubi wutar, ya dube ni da adda a hannu, ya ce, "Sale, haka na koya maka riƙon adda? Za ka sare ƙafarka."

Ya zubar da ruwan bokitin a ƙasa ya juya. Yaɗon da ke aljihunsa ya kai Karshi ya dasa a tukunya, zafin bazara ya kashe shi kafin ruwan farko.

Takarda ta fito. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ci moriyarta, da ita na yi aure, da ita na yi ritaya. Kawu bai taɓa gaya wa kowa cewa ni na nuna wurin ba, shi ya sa kuka ɗora wa hukuma. Abin da ya yi kawai, ya canza mini suna. Duk ranar da na je Karshi, tun daga zaure zai ɗaga murya: "Ladi! Gwamnati ya zo, a kawo kujera, ba ya zama a tabarma!" Ku kuna dariya kuna zaton don kakin aikina ne. Sai a kawo mini dafaffen farin dankali, ba mai ba yaji, ya zauna ya zuba mini ido har in cinye.

"Yaya, Gwamnati? Lami ko? Ƙara ɗaya."

Shekara da shekaru ina cin farin dankalin nan ina gaya wa kaina cewa doka ce, ko ban faɗa ba wani zai gano, ai har siminti aka zuba a bakin rafin daga baya. Duk gaskiya ne, kuma duk ba shi ne ya kai ni bayan motar Oga ba. Girman kai ya hana ni buɗe baki, da kuma tsoron kada ku ji.

Da ciwonsa ya yi nauyi bana, na je na same shi kwance a inuwar mangwaro bayan azahar. Inna Ladi ta jawo kujera, na ture ta na durƙusa a ƙasa. Ya buɗe ido ɗaya.

"Gaisuwa ce ko magana? In gaisuwa ce, ka gama."

Na ce, "Magana ce, Kawu."

Ya ce, "Na san ta. Na yafe tun kafin wutar ta mutu. Amma sai ka faɗa da bakinka. Na daɗe ina jira, ba zan yi asarar jiran ba. Ladi, zo ki zauna, yau Gwamnati zai yi jawabi."

Kwana tara bayan nan ya cika. Allah ya jiƙan Kawu Tanko, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba Inna Ladi haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, Allah ya sa mu cika da imani.

Abin da na ce masa ran nan, ina durƙushe, Inna Ladi tana ji, ba shi da tsawo:

"Kawu, ba doka ce ta kai su bakin rafi ba, ni na kai su. Ba a tilasta ni ba, kwaɗayin aiki ne. Na san iri ne na kakarka, na san ba shi a ko'ina, na sa masa adda da hannuna. Na bar ka kana rufa mini asiri ina cin abincin gidanka ban ce komai ba. Ba ni da abin da zan maye maka da shi. Na tuba, Kawu. Ka yafe mini."