Jan Maɓallin da Baduku Ya Rufe

Ranar wata Asabar da hantsi, shekara ta biyar da samun mulkin kai, lokacin matsar rake, babur ɗin Baba ya ƙi tsayawa. Ina zaune a kan tanki, ƙafafuna suna lilo, shi yana bayana yana tuƙi, a bayansa kuma an ɗaure buhun ƙananan kwanonin da ake zuba mazarƙwaila. Mun gangaro daga Gubuchi za mu fadama. A ƙarshen gangaren nan akwai rumfar da ake dafa ruwan rake, manyan kasake uku suna tafasa, ƙanen Baba da ma'aikata biyu suna tsaye a bakinsu. Hanyar kuwa ba ta da kwana, a bakin rumfar take ƙarewa. Baba ya saki totur, totur bai koma ba.

Sai na koma baya kaɗan, don yaran yanzu ba za su gane ba. Wancan babur shi ne na farko a unguwarmu. Baba ya sayo shi a Zariya, na hannu ne, amma ranar da ya shigo da shi har mata sai da suka leƙo ta kan danga. Kafin nan wasanmu langa ne da gare, da harbin ƙadangaru bayan an taso daga makaranta. Daga zuwan babur kowa ya koma ƙera nasa da kara da ƙaya, ana gudu ana ƙarar inji da baki har miyau ya zubo. Ni kuwa na gaske nake wankewa. Kullum da safe, kafin in kai awaki bakin rafi in wuce makaranta, sai na goge shi da tsumma, ƙafa da ƙafa. A wajen gugar nan na san kowane ƙarfe nasa, har da wani ɗan jan maɓalli a hannun tuƙi, daidai inda babban yatsa yake sauka.

Wata rana Baba ya tayar da shi a ƙofar gida, abokansa sun kewaye suna sauraron kukan inji, ni kuma rawar kai ta sa na danna maɓallin. Inji ya mutu nan take. Mutane suka yi dariya, wani tsoho ya ce, "Alhassan, dokin naka yaro ma yana iya sa shi barci." Na sha bulala ranar, ta tsamiya. Washegari Baba ya kai babur wajen baduku. Shi a wurinsa babur doki ne, doki kuwa ba a hawansa tsirara. Baduku ya ɗinke hannayen biyu da jar fata mai geza, ya matse sosai, ya rufe maɓallin ruf. Baba ya duba ya ce, "Yauwa. Abin da ba a gani ba, ba a taɓawa." Ba wanda ya gaya masa dalilin da ya sa aka yi maɓallin nan, shi ma bai tambaya ba. Babba ba ya tambaya a lokacin.

To, Baba wuni yake hannunsa cikin ruwan rake, kuma da hannun nan yake kama babur. Fata ta sha zaƙi, rana ta busar da ita, ta ƙanƙance ta riƙe totur gam. Abin da ya same mu a gangaren ke nan. Mutumin da ya shekara talatin yana jan linzami, da ya ga abu ya ƙi tsayawa, sai ya ja hannaye baya da ƙarfi yana daka masa tsawa kamar doki zai ji. Jan nan kuwa ƙara murɗa totur yake. Ya manta da kuloci, ya manta da birkin ƙafa. Ina jin ƙirjinsa yana bugawa a bayana, ina jin salatinsa a kunnena, ina kuma hango tururin kasake yana matsowa. Ƙanen Baba ya yar da ludayi yana ɗaga hannu.

Ba jarumta ba ce, kada in yi wa kowa ƙarya. Bulalar nan ce ta sa ban manta wurin ba. Na ɗora babban yatsana a kan fatar, na lalubo ɗan tudun, na danna da duk ƙarfina har na haɗa da ɗaya hannun. Inji ya yi shiru. Babur ya yi wata girgiza, ƙafar baya ta ja ƙasa, sai lokacin Baba ya tuna da birki. Muka karkace muka zube cikin tarin busasshen raken da aka matse, wanda ake hura wuta da shi. Kwanoni suka watse ko'ina. Daga inda na faɗi, zafin murhu yana dukan fuskata.

Ni ne ɗan fari, saboda haka Baba bai taɓa kiran sunana ba, balle ya yabe ni a gaban mutane. Ya tashi ya karkaɗe riga, ya karɓi wuƙar yankan rake, ya farke fatar nan gaba ɗaya ya jefa a wuta. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Kai, tsince kwanonin." Da yamma Inna ta sa mini man shanu a tuwo fiye da na kowa.

Godiyar Baba ta zo bayan sati biyu, kuma ita ce ta cuce ni. Ya ce tunda yaron nan kansa yana ja a ƙarfe, zaman aji ɓata lokaci ne. Ina aji huɗu, ni nake zuwa na biyu, ya cire ni ya kai ni wajen wani bakanike a Makarfi. Shi a ganinsa ɗaukaka ni ya yi. Waɗanda nake koya wa lissafi a ƙarƙashin mangwaron makaranta, yau su ne suke aiko direba ya kawo mini janareto gyara.

Har yau ina bakin titin nan da sifana a hannu. Babura sun fi awaki yawa. 'Yan acaɓa suna zuwa, wani ya tsinke wayar maɓallin wai yana damunsa, wani kuma yana dannawa yana saki a guje don salansa ta yi harbi 'yan mata su waiwayo. Nakan ce musu abin nan ba na wasa ba ne, na ranar da totur ya maƙale ne, ko ranar da ka faɗi ƙafar babur tana juyawa. Ka kama kuloci, ka danna, ka taka birki a hankali. Sai su ce, "To Baba, mun ji," su tafi suna dariya.

Fadamarmu an yanka ta filaye, dokin da yake juya injin rake ya daɗe da mutuwa, Baba ma haka. Na yi shekaru ina jin haushinsa, har yanzu bai gama fita ba. Amma duk lokacin da ƙamshin mazarƙwaila ya biyo iska daga kasuwa, tankin nan nake tunawa, da ƙirjinsa a bayana. Iyakar ranar da na san ya rungume ni ke nan.