Kawu da Lauyansa

Kawuna mai gyaran keken ɗinki ne, kuma ban taɓa ganin mai rowar magana irinsa ba. Shagonsa wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, cike da kawunan kekuna da warin mai. Tela zai kawo keke yana ta zuba bayani, Kawu ya murza hannun keken, ya kasa kunne, ya ce a dawo gobe. Shi ke nan hira ta ƙare.

Bayan rasuwar matarsa ne ya sayo tsuntsun. Irin ƙananan akun nan ne masu tukku a ka, da ɗigon ja a kumatu kamar an shafa musu janbaki. Telolin layin suka raɗa masa suna Lauya, don bakinsa ba ya hutawa. Sai ga Kawu, wanda da kyar kake samun amsar gaisuwa daga gare shi, yana iya tsare ka rabin yini a kan zancen tsuntsu. In tukkun ya miƙe cak, wani abu ya firgita shi. In ya kwantar da shi luf yana huci, janye yatsanka, cizo na tafe. In kuwa ya ɗage ƙafa ɗaya yana goga baki ƙurus-ƙurus, duniya ta yi masa daɗi, barci zai yi. Ni kaina na sha cizo a hannun Lauya, Kawu kuma sai ya ce ai tsuntsun ya gargaɗe ni, ni ne kurma.

A hankali numfashi ya fara yi wa Kawu wuya, har tsallaka titi sai ya tsaya ya huta. Muka kai shi asibiti. Likita ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinsa, sannan ya tambaya ko yana kiwon tsuntsu. Ashe farar ƙurar da ke zuba daga gashin Lauya, wadda Kawu ke gogewa daga kan kekuna kullum, ita ke cin huhunsa. Kejin yana shago da rana, yana ɗakin kwanansa in an tashi. Likita bai yi kwana-kwana ba, ya ce tsuntsu ya bar wurinsa, in ba haka ba babu maganin da zai yi aiki.

Auta, 'yar Kawu, ita ta karɓi kejin zuwa gidan mijinta. Uban ya yi mata dogon bayani, tana "to, Baba" hankalinta na kan yara. Ban ga laifinta ba. Da farko ta yi ta ƙorafin ihun tsuntsun, shi kuwa Kawu ƙirjinsa ya fara sakewa, muka ce alhamdu lillahi.

Ina shagon ranar da ta shigo da fara'arta.

"Baba, albishirinka. Lauya ya saba da mu, ya daina ihun nan. Har ƙiba ya yi, ya cika fam, yana zaune a ƙasan keji abinsa. Yara na shafa shi, ko cizo babu."

Kawu ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya tambaye ta ko wutsiyar tana sama tana ƙasa in yana numfashi. Ta ce ƙwarai, yaran ma dariya abin ke ba su.

"Wannan ba sabo ba ne, Auta. Mutuwa yake yi."

Ya ce ba ƙiba ba ce, gashi ya tayar don sanyin ciwo. Tsuntsu yakan ɓoye ciwonsa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ranar da ya sauko daga kan sanda ya bari kowa ya taɓa shi, to ya gaza ne. Kawu ya jawo ƙofar shago zai tafi ɗauko tsuntsun, na tare shi. Na ce zan kai tsuntsun gidana, ya ce ba zai ci daga hannuna ba. Na tuna masa huhunsa.

"Ni likita ya ji nawa ciwon, ɗana," in ji shi. "Shi wannan wa zai ji nasa?"

Ya dawo da Lauya ɗakinsa. Likitan dabbobi ya ba da magani, Kawu ya riƙa ɗura masa da sirinji, yana ba shi abinci a tafin hannu. Na sayo wa Kawu takunkumin fuska na roƙe shi ya sa. Ya sa ɗin, amma tsuntsun na ganin baƙuwar fuska sai tukku ya miƙe, ya maƙale a kusurwa ya ƙi ci. Kawu ya cire ya rataye a ƙusa, can ya tsufa.

Lauya ya warke, ya koma kan sandarsa yana fito. Kawu kuwa ya yi ta ƙarewa a gabanmu, ya rufe shago, ya koma ko alwala sai an riƙe shi. Na ji haushinsa, har yau ban huce ba, don yana sane da abin da yake yi. Shekara ba ta zagayo ba muka binne shi.

Kejin yana barandata yanzu, Auta ta ce ba za ta iya kallonsa ba. Wata safiya ta zo gaishe ni, tana cire takalmi a bakin ƙofa, sai Lauya ya buɗe kafaɗu ya fara kai da kawo a kan sanda, yadda namijinsu ke yi in zai rera wa wanda yake so. Abin da ya fito daga bakinsa tari ne, busasshe, da 'yar shessheƙar nan a ƙarshe, sak na Kawu.

"Sannu, Baba," in ji Auta, kafin ta tuna.