Makullin da Na Hana Surukata

Shekarun baya kaɗan, wani abokina da muke aiki tare a asibiti ya ja ni kulob ɗinsu na harbin saiti a bayan unguwar Croydon, nan ƙasar Turawa inda muke zaune. Ni da ko danƙon harbin tsuntsu ban taɓa riƙewa ba, ranar farko na huda takarda kusa da tsakiya, shi ke nan na kamu. Na yi watanni ina zuwa a matsayin ɗan koyo, aka bincike ni ciki da bai, likitana ya sa hannu, 'yan sanda suka zo suka ga gida, daga ƙarshe dai lasisi ya fito. Na sayi 'yar ƙaramar bindiga, irin wadda in ka harba ɗaya ita da kanta take ɗora harsashi na gaba. Wallahi ranar da na kawo ta gida bakina har kunne, ko ranar da na ci jarrabawar tuƙi ban yi murna haka ba.

Abin da ba wanda ya gaya min shi ne harbi ɗan kaɗan ne a cikin aikin, sauran duk wanki da guga ne. Irin wannan bindigar akwai tara baƙin datti, in ka ƙyale ta sai ta fara cijewa. Wani dattijon Bature a kulob ya koya min: ka fara cire gidan harsasai, ka leƙa ka tabbatar babu komai a ciki, ka sake leƙawa, sannan ka kwance ta. Ka zura ɗan ƙyalle a bututun har ya fito fari, ka bi lungu-lungu da tsohon buroshin haƙori, mai kuma ɗan ɗigo kawai. Ni kuwa a karon farko na zuba mata mai kamar zan soya ƙosai, ya kalle ni ya girgiza kai. A hankali hannuna ya faɗa, har ta kai duk Asabar in na dawo, sai in shimfiɗa tsohon tawul a teburin cin abinci in zauna ina goge ta ina 'yar waƙata.

Lasisin nan yana da sharaɗi mai tsauri. Bindiga tana zama a kabad ɗin ƙarfe da aka ɗaure a bango, kuma ba wanda zai san inda makullin yake sai mai lasisi. Ko matarka. In aka gano wani na iya buɗewa, ana iya ƙwace lasisin da bindigar gaba ɗaya. Matata ba ta damu ba, cewa take, “Kai da abarka, ni dai kada in ga mai a teburina.”

Ana haka muka koma wani gidan bene a unguwar Abbey Wood, matata ta haihu, mahaifiyarta ta taso daga Kano don jego. Hajiya mace ce mai tsafta ta fitar hankali. Kafin ta yi sati ta wanke labulaye, ta ja firij ta share bayansa, har kwandon sharar hukuma sai da ta ɗauraye. Tsakanina da ita kuwa kunya ce irin ta mutanen da. In na durƙusa na gaishe ta sai ta amsa tana kallon bango, kuma duk abin da take so ta faɗa min, 'yarta take gaya wa ko da ina zaune a wurin.

Wata Asabar na kwance bindigar ina cikin nishaɗi, wani ɗan siririn ƙarfe mai lanƙwasa ya kufce daga yatsuna, tsit, ya yi sama ya ɓace. Na shiga rarrafe a ƙarƙashin kujeru da fitilar waya, ƙato da ni, zufa na zuba. Can sai ga Hajiya ta miƙa wa matata shi a cikin abin kwasar shara.

“Ki ce masa ga kayan amaryar tasa. Ko jaririn nan ba a goge shi haka. Kuma ki ce ya bar min makullin akwatin can in share cikinsa, na tabbata ƙura ta yi gida.”

Na sunkuyar da kai na ce wa matata ta ba Hajiya haƙuri, doka ce ta hana. Hajiya ta ce, “Doka? Wace irin doka ce za ta hana tsintsiya shiga akwati? Harbin wa zan yi? To shi ke nan, ɓarauniya ce ni.” Innalillahi! Ni da ko ruwa ba na iya sha a gabanta, yau ni ne na hana ta abu a gidan 'yarta. Daga ranar amsar gaisuwata ta koma “lafiya” ɗaya tak. Na je har kasuwar Rye Lane na sayo mata goro da busasshen kifi, ta ce a ajiye a kicin. Matata kuwa dariya take min a ɗaki, wai maharbi ya gamu da abin da ya fi ƙarfin bindigarsa. Abin ya dame ni sosai, ba wasa ba.

Saboda mun sauya gida, dole jami'in 'yan sanda mai kula da lasisi ya sake zuwa ya ga inda na kafa kabad ɗin. Aka sa rana, ya zo da hantsi, wani dogo mai fara'a. Ya girgiza kabad ɗin bai motsa ba, na ɗauko makulli ni kaɗai na buɗe, ya duba bindigar ya ce tana shan kulawa. Kaina ya yi girma. Muna fitowa falo, yana yi wa jariri wasa, sai ya tambayi matata kamar hira, in ba na nan aka buƙaci buɗewa, ina ake samun makullin? Ta ce ba ta sani ba. Hajiya da ke gefe ta ce, “Me yake cewa?” Ana fassara mata ta gyara zama.

“Alhamdulillahi, faɗuwa ta zo daidai da zama! Ki gaya masa tas. Ki ce tun da na zo nake roƙon makullin nan, yaron nan ya hana ni. Na duba aljihun rigunansa wajen wanki, babu. Na ɗaga katifa, babu. Har cikin takalmansa na leƙa. Tunda hukuma ta zo, sai ta sa shi ya ba ni in share.”

Matata tana fassarawa tana danne dariya, ni kuwa kamar ƙasa ta tsage in shige. Jami'in ya saurara har ƙarshe, sannan ya tuntsire da dariya. Ya ce a gaya wa Mama, da ta samu makullin nan, da yau zai fita da bindigar da lasisin duka. Ya ce ya daɗe yana wannan aikin, bai taɓa samun shaida mai ƙarfin tata ba. Ya miƙo min hannu muka gaisa, ya tafi. Na rufe ƙofa, na yi tsalle a bakin ƙofar kamar yaro, na manta gaba ɗaya surukata na kallona.

Na dawo falo. Hajiya ta daɗe tana jijjiga jaririn a cinyarta. Sai ta ɗago ta kalle ni, ni ɗin dai, ba bango ba, ba 'yarta ba.

“Ashe amana aka ba ka,” ta ce. “Na matsa maka, ka ji kunyata, amma ba ka ba ni ba. Allah Ya yi maka albarka. Yanzu hankalina ya kwanta da barin 'yata a hannunka.”

Na durƙusa a gabanta na ce amin.

Har yanzu ina zuwa kulob, na iya kwance bindigar nan in mayar ba tare da wani abu ya yi tsalle ba, har sababbin shiga nake koya wa. A da na ɗauka girmama babba shi ne duk abin da ya ce ka ce to. Hajiya ce ta nuna min wani lokacin babban yana jira ne ya ga ko za ka iya tsayawa. Ta rasu bara, Allah Ya jiƙanta da rahama. Na ci 'yan kofuna a gasa tun daga lokacin, na kuma ji daɗinsu, amma babu wanda ya kai min wannan albarkar da ta sa min baki da baki.